Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Gwamnan Jihar Kebbi da Hukumar NCAA Kan Halin da Fasinjan Filin Jirgin Birnin Kebbi Yake Ciki

Zuwa ga Mai Girma Gwamnan Jihar Kebbi, Dakta Nasir Idris, Kauran Gwandu, da Shugaban Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Ƙasa, wato NCAA, da shugabannin kamfanonin jiragen da ke jigilar fasinja zuwa Birnin Kebbi.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina rubuto muku wannan wasiƙa ne a kan mutumin da ya sayi tikiti da kuɗinsa, ya ɗauki jakarsa ya nufi Filin Jirgin Sama na Sir Ahmadu Bello da ke Ambursa, yana sa ran zai kwana a inda ya nufa. Da gangan na haɗa ku cikin wasiƙa ɗaya, domin shi fasinja bai san inda aikin gwamnatin jiha ya tsaya na hukumomin tarayya ya fara ba, kuma ba wajibinsa ba ne ya sani. Ranar da tafiya ta lalace, kamfani yakan ce laifin yanayi ne, ma'aikacin fili ya ce shi ba ruwansa da jadawalin kamfani, wanda ya sayar da tikitin a cikin gari ya ce shi ɗan aike ne kawai, sai a bar mutum tsaye da jaka a hannu ba wanda zai tunkara. Ina so maganar ta iso gare ku gaba ɗaya a lokaci guda, don kowa ya ɗauki rabonsa daga cikinta.

Ba zan fara da ƙorafi ba tare da na faɗi alherin da ke akwai ba. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi daga tsohuwar Jihar Sakkwato a 1991, mutanenmu sun daɗe suna bin hanyar Sakkwato kafin su ga jirgi, har zuwa zamanin Gwamna Sa'idu Usman Nasamu Dakingari da aka gina wannan fili a matsayin da yake yanzu. A ranar 15 ga Mayun 2024 kuma, daga nan Ambursa jirgin farko na maniyyatan Najeriya gaba ɗaya ya tashi zuwa ƙasa mai tsarki, Mataimakin Shugaban Ƙasa Kashim Shettima da kansa ya zo ya yi musu ban kwana. Duk ɗan Kebbi ya ji daɗin wannan rana, kuma ta nuna cewa filin yana iya ɗaukar babban jirgi da babban taro idan an so. To amma jigilar alhazai makonni ne ƙalilan a shekara, sauran watannin kuwa na fasinjan yau da kullum ne, wanda ba a shimfiɗa masa darduma ba, ba kuma ɗan jarida a wurin da zai ɗauki hotonsa. Shi ne nake magana a kansa.

Ranku ya daɗe, akwai wani bambanci tsakanin babban fili da ƙaramin fili wanda nake ganin masu tsara dokoki a Abuja ba su cika lura da shi ba. Idan aka soke jirgin mutum a Abuja ko Legas, ransa zai ɓaci, amma a cikin zauren nan akwai kantocin wasu kamfanoni, kuma kafin rana ta faɗi wani jirgin zai tashi zuwa inda za shi. A fili irin namu, inda jiragen fasinja ba su da yawa, jirgin da aka soke shi ne tafiyar wannan rana ɗungurungum, wani lokaci ma har da ta gobe. Abin da ya rage wa mutum bai wuce abu uku ba: ya koma gida ya jira wata ranar, ko ya yi shatar mota zuwa Filin Jirgin Sultan Abubakar na Uku a Sakkwato, tafiyar kimanin kilomita 150, ko kuma ya kama hanyar mota ta Jega da Koko da Yawuri da Kontagora har Abuja, tafiyar da ke cin wuni guda, wadda a halin tsaron da ake ciki ba mai hankalin da zai so dare ya same shi a kanta. Dukkan waɗannan hanyoyi da lokaci suke aiki. Wanda aka gaya wa gaskiya da ƙarfe takwas na safe yana da zaɓi uku a hannunsa. Wanda aka gaya wa da azahar, hanyar mota ta riga ta kuɓuce masa. Wanda kuwa aka ajiye a zauren jira ana ce masa jirgi na tafe, jirgi na tafe, har aka kira la'asar sannan aka ce an soke, ba a bar masa komai ba sai komawa gida. Saboda haka shirun da kamfani zai yi a Legas ya zama ɓacin rai kawai, a Ambursa asara ce ta kuɗi da alƙawari, wani lokaci har da lafiya. Wannan ita ce maganar da ta sa na ɗauki alƙalami, sauran duk rassanta ne.

Ya kamata kuma a san ko su wane ne waɗannan fasinjoji, domin akwai masu zaton duk wanda ya shiga jirgi mai hali ne, jinkirin wuni ɗaya ba zai rage shi da komai ba. Haƙiƙa akwai masu hali, akwai manyan ma'aikata, amma a layi ɗaya da su za ka tarar da majinyacin da likita ya tura Babban Asibitin Ƙasa da ke Abuja, wanda 'yan'uwa suka yi karo-karo suka saya masa tikiti saboda jikinsa ba zai ɗauki jijjigar hanya ba. Za ka tarar da ɗalibin da aka ba ranar ganawa a ofishin jakadanci, ranar da idan ta wuce sai ya sake jiran makonni. Za ka tarar da mai niyyar Umra wanda babban jirginsa zai tashi daga Abuja da daddare, kuma wancan kamfanin na ƙasar waje ba zai saurari uzurin cewa jirgin Kebbi bai zo ba. Ga malaman Jami'ar Tarayya da ke Kalgo da na jami'ar jiha da ke Aliero masu zuwa taro ko jarrabawar ɗalibai, ga 'yan kasuwar shinkafa da albasa. Sa'annan ba dukkansu ne mazauna Birnin Kebbi ba. Jiha ce mai ƙananan hukumomi 21 da masarautu huɗu, kuma mutumin Zuru ko Yawuri ko Kamba ko Bagudo da zai hau jirgin safe, tun jiya ya baro gida, ya biya kuɗin mota, ya biya masauki ko ya ɗora wa ɗan'uwa nauyi. Idan aka ce masa ya koma gida ya dawo jibi, an faɗa masa abin da ya fi sauƙi a baki.

Adalci ne in ambaci uzurin kamfanoni, domin wasu daga cikinsu gaskiya ne. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazo yakan rufe sararin arewa maso yamma, kuma doka ta hana matuƙi sauka idan nisan abin da ido ke iya hange ya gaza wani ma'auni. Ba fasinjan da ke da hankali da zai so a sauke shi cikin makanta. Da damina akwai guguwa da tsawa. Man jirgi ya yi tsada, kayan gyara da inshora da hayar jirage duk da dala ake biyansu, kuma tun da darajar naira ta faɗi a 2023 nauyin ya ninka, har jiragen da ke aiki a ƙasar suka ragu. Wannan ya sa jirgi ɗaya yake yin zirga-zirga da yawa a wuni: ya tashi daga Legas da asuba, ya taɓa nan ya taɓa can, duk mintin da ya ɓata a zangon farko yana bin sa har zangon ƙarshe. Idan kuma aka rufe sararin Abuja na ɗan lokaci saboda tashin wani babba, jinkirin ya ƙaru. Da kamfani ya ga rana ta yi nisa, hanyar da yake fara yankewa ita ce mai ƙarancin fasinja, musamman idan filin da za shi yana cikin waɗanda ba a aiki a cikinsu bayan faɗuwar rana sai an yi shiri na musamman an biya ƙarin kuɗi. Duk wannan mun fahimce shi. Abin da ba mu fahimta ba shi ne ɓoye labari. Hukumar hasashen yanayi ta NiMet tana fitar da gargaɗin hazo tun kafin ya iso. Ofishin da ke tsara zirga-zirgar jiragen kamfani ya san inda jirginsa yake a kowane minti, ya kuma san tun hantsi ko zai iya zuwa Kebbi ya koma. Yau ma yaro da wayar hannu yana iya duba manhaja ya ga cewa jirgin da aka ce yana hanya bai ko bar Legas ba. To mene ne amfanin riƙe mutane a kan kujera?

Na taɓa shaida irin wannan rana da wani kamfani da ba zan ambaci sunansa ba. Cikin waɗanda muke jira tare akwai wata dattijuwa da ɗanta, yana riƙe da ambulan ɗin takardun asibiti, an ba su ganin likita washegari da safe. Sau da yawa yaron yana tashi ya je kanta, ana ce masa ya ƙara haƙuri. Da aka zo sanar da sokewar, ma'aikacin kamfanin ya yi maganarsa da Turanci cikin sauri, ya juya ya shige ofis, dattijuwar kuwa ba ta san an gama ba sai da ta ga mutane suna jan jakunkunansu zuwa ƙofa. Da an faɗa musu da safe, da sun isa Sakkwato da sauran lokaci. Ban ɗora wa wannan ma'aikaci laifin duka ba, domin na lura shi ma wayarsa yake ta bugawa ba a ɗauka, kuma sau da yawa ƙananan ma'aikatan da ke fuskantar fushin jama'a su ne na ƙarshe da hedikwatarsu take sanar wa. Amma ko ba komai, a garin da kusan kowa ke jin Hausa, sanarwar da ta shafi lafiyar mutum da kuɗinsa bai dace a yi ta da harshen da rabin zauren ba ya ji ba.

Ya Shugaban NCAA, dokar da za ta magance mafi yawan wannan tana nan a rubuce, hukumarku ce ma ta rubuta ta. Sashe na 19 na Dokokin Sufurin Jiragen Sama na Najeriya na 2023 ya tanadi cewa a tafiyar cikin gida, idan jinkiri ya kai awa biyu kamfani zai ba fasinja abin taɓawa da abin sha da damar sanar da nasa, idan ya wuce awa uku fasinja yana da ikon ya ce a mayar masa da kuɗinsa, idan kuma ya kai tsakanin ƙarfe goma na dare da huɗu na asuba, masauki da motar da za ta kai shi can suna kan kamfani. Wanda ya biya da tsabar kuɗi a mayar masa nan take, wanda ya biya ta banki a mayar masa cikin kwana 14. Doka ce mai kyau, sai dai ku tsaya a zauren jira na kowane ƙaramin fili ku tambayi mutum goma, za ku ga nawa ne suka taɓa jin labarinta. Haƙƙin da mai shi bai san da shi ba, wanda ake bi bashin ba zai tuna masa ba. Na san hukumarku ta buɗe shafin karɓar ƙorafi a intanet, kuma ta hukunta wasu kamfanoni a kan jinkirta mayar da kuɗi, wannan abin yabo ne. Amma dattijon da ya zo daga Illo ba zai buɗe shafin intanet ya cike fam da Turanci ba. Shi mutum yake nema, mai tebur da kujera da riga mai tambarin hukuma, wanda zai kasance a wurin a duk lokacin da aka sa jirgi zai tashi, ya kuma zauna har fasinja na ƙarshe ya bar filin, yana da ikon kiran manajan kamfani ya ce masa awa biyu ta cika, a kawo wa mutane ruwa. Ina roƙon a tabbatar da wannan jami'i a Ambursa, a sa teburinsa inda ido zai gan shi, a manna lambar wayarsa a bango, a kuma rubuta waɗannan haƙƙoƙi da manyan baƙaƙe da Hausar boko da ajami, domin cikin dattawanmu masu karanta ajami sun fi masu karanta Turanci yawa nesa ba kusa ba.

Wannan ba alfarma muke nema ba. A cikin kuɗin kowane tikiti akwai kashi biyar cikin ɗari da ake cirewa a ba NCAA ta raba da sauran hukumomin sufurin sama, kuma ba a rage wa fasinjan Kebbi ko kwabo don filinsa ƙarami ne. Tunda biyan ɗaya ne, kulawar ma ta zama ɗaya. Haka nan, hukumarku takan fitar da alƙaluman jinkiri da sokewa na kowane kamfani. Ina ba da shawarar a riƙa fitar da su fili-fili, domin idan aka cuɗa jiragen Kebbi da dubban jiragen Legas da Abuja, kamfani zai iya soke rabin zuwansa nan ba tare da lissafinsa na ƙasa ya nuna wani aibu ba. Ranar da aka ware, kowa zai ga wane ne ke cika alƙawari a ƙananan hanyoyi, wane ne kuma yake mayar da su abin yankewa duk lokacin da jadawali ya matse.

Ga ku shugabannin kamfanoni, akwai wata ƙaramar ɓaraka da gyaranta ba ya buƙatar kuɗi. Da yawa daga cikin mutanenmu ba da kansu suke sayen tikiti ba, wurin dillalan tikiti na cikin gari suke zuwa, ko su sa wani ɗa ko ƙane da ke Abuja ya saya musu. Lambar waya da adireshin imel da ke cikin na'urarku na dillalin ne, saboda haka idan kun aika saƙon canjin lokaci da tsakar dare, yana can cikin wayar mutumin da ke barci a wani gari, fasinja kuwa ya kama hanya da asuba. Ku wajabta wa dillalanku su sa lambar mai tafiyar, ku aika saƙo da Hausa tare da Turanci, kuma a hanyar da fasinjanta ba su fi cikin jirgi ɗaya ba, ba abin wahala ba ne ma'aikaci ya zauna ya buga wa kowa waya. Haka batun mayar da kuɗi: idan kun mayar ta hannun dillali, ku sanar da fasinja ranar da kuka mayar, don kada ya yi ta zarya tsakaninku kowa yana cewa kuɗin na wurin ɗayan. Sai maganar kaya. Ƙananan jirage sukan bar jakunkuna a baya idan nauyi ya yi yawa, wannan sananne ne, amma bai kamata a ce wa mutumin Yawuri ya sake yin tafiyar awanni ya dawo Ambursa don ya karɓi jakar da ba shi ya bar ta ba. Ku kai masa. Ma'aunin kaya kuma ya kasance fuskarsa tana kallon fasinja, kuɗin ƙarin nauyi a rubuce a allo, a ba da rasit, don mai ɗauke da tsarabar kilishi da busasshen kifi ya san abin da ya biya da dalilinsa.

Mai Girma Gwamna, na san jadawalin jirage ba a hannunka yake ba, amma akwai abubuwan da ke hannun gwamnatin jiha, kuma muryarka a gaban Ministan Sufurin Jiragen Sama da hukumar FAAN mai kula da filayen jiragen sama da hukumar NAMA mai kula da zirga-zirgar jirage a sararin sama ta fi tamu nisa. Na farko shi ne hanyar da ke tsakanin filin da gari. Baƙon da ya sauka ba tare da wanda zai tarbe shi ba yana hannun direban da ya samu, kuma inda mota ta yi ƙaranci farashi a bakin mai ita yake. A zauna da ƙungiyar direbobi a tsayar da kuɗin zuwa cikin Birnin Kebbi da Argungu da Jega da Kalgo, a rubuta a allo a bakin ƙofa, a kuma ware bas ɗaya daga motocin sufurin jiha da za ta riƙa bin lokacin sauka da tashin jirgi. Wannan bas ɗin ita ce kuma za ta zama mafita ranar da aka soke jirgi da wuri, ta kwashi masu so zuwa Sakkwato. Ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. A 2017 da aka rufe filin jirgin Abuja na mako shida don gyaran titin sauka, aka karkatar da jirage zuwa Kaduna, gwamnati ta tanadi motoci da rakiyar jami'an tsaro suna kai fasinjoji Abuja kyauta. Abin da aka yi wa dubban mutane kullum har mako shida, ba zai gagara a yi wa 'yan gommai jifa-jifa ba.

Na biyu, jihohi da dama sukan ƙulla yarjejeniya da kamfanin jirgi don ya riƙa zuwa, ta hanyar ɗaukar nauyin wasu kujeru ko sauƙaƙa masa wasu kuɗaɗe. Ban ga aibu a cikin wannan ba, domin sabuwar hanya tana buƙatar tallafi kafin ta tsaya da ƙafarta. Amma duk yarjejeniyar da kuɗin jama'a zai shiga, a sa mata sharaɗi a rubuce: kwanakin da jirgi zai zo, lokacin da za a sanar da sokewa, da abin da kamfani zai rasa idan ya saɓa ba da uzurin yanayi ba. A kuma bayyana wa Majalisar Dokokin Jiha da jama'a, don mu san abin da muka saya. A nan zan ɗan ratse in faɗi wata magana da ba ta da daɗin ji. Al'ada ce a ƙasar nan a riƙe jirgi cike da mutane saboda wani babba bai iso ba, ko a kama kujeru da sunan jami'ai a hana talaka tikiti, ƙarshe jirgin ya tashi da su ba kowa. Umarni ɗaya daga ofishinka cewa ba a jiran kowane jami'in jiha, kuma kujerar da ba za a hau ba a sake ta da wuri, zai yi tasirin da takardu goma ba za su yi ba. Zai kuma yi kyau kwamishinan da abin ya shafa ya riƙa bi ta zauren kowa da kowa lokaci zuwa lokaci, ba ta ɗakin manyan baƙi ba, domin gani ya kori ji.

Na uku shi ne kayan aiki. Tunda mun san hazo zai zo kowace shekara a watannin da aka saba, watannin damina ne lokacin da ya kamata gwamnatin jiha ta matsa wa hukumomin tarayya su duba na'urorin da ke jagorantar jirgi zuwa titin sauka, su gwada ingancinsu, su tabbatar da fitilun titin da janareton da ke riƙe da su, domin ingancin waɗannan na'urori shi ke rage yawan ranakun da matuƙi zai juya, fitilu kuma su ke ba jirgin da ya makara damar sauka bayan magariba maimakon a soke shi. A cikin zauren kuma, garin da zafinsa ke haura maki 40 a watannin Maris zuwa Mayu, ruwan sha da fanka ko na'urar sanyaya ɗaki da banɗaki mai ruwa da wurin alwala da na sallar mata ba kayan ado ba ne ga wanda zai zauna awa biyar. Roƙona shi ne irin kulawar da ake ba waɗannan abubuwa a makonnin jigilar alhazai ta zama ita ce ma'auni a duk shekara, a sa su cikin kasafi, a sa wanda za a tambaya idan famfo ya ƙafe.

Kada a manta da tsofaffi da masu lalura ta musamman. Dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci ta 2018, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara, wa'adin kuma ya wuce. A filin da ake hawa jirgi ta matakala daga ƙasa, tsohon da gwiwarsa ta gaza ko majinyacin da ke kan keke yana buƙatar ma'aikatan da aka koya wa yadda ake ɗaukar mutum cikin mutunci, ba 'yan'uwan tafiya su yi ta kici-kici da shi a gaban jama'a ba. Keken marasa lafiya ya wadata, ma'aikacin jinya da motar asibiti su kasance a wurin duk lokacin da jirgi zai sauka, mata kuma mata 'yan'uwansu su bincike su a wuri mai sutura.

Ina so in ja hankalinku ga abin da ke kashe ƙananan filayen jirage a hankali, domin shi ne haɗarin da nake hangowa. Mutumin da aka taɓa yaudara sau ɗaya ya rasa jirgin Umrarsa, karo na gaba ba zai sake gwadawa ba, kai tsaye Sakkwato zai nufa ko da jirgin Ambursa yana nan. Zai kuma gaya wa danginsa da abokan kasuwancinsa. Sai kujeru su fara zama ba kowa, kamfani ya duba littafinsa ya ce Kebbi ba kasuwa, ya rage kwanaki, ragin ya ƙara korar fasinja, daga nan ya janye gaba ɗaya, alhali fasinjojin Kebbi suna nan, a lissafin wani fili ake ƙirga su. Jihar da aka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance na Babban Bankin Najeriya a cikinta a 2015, mai manyan masana'antun sarrafa shinkafa a Argungu da Birnin Kebbi, mai iyaka da Nijar da Benin, wadda UNESCO, hukumar raya ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa bikin kamun kifinta na Argungu cikin al'adun duniya a 2016, ga bikin Uhola a Zuru da na Rigata a Yawuri, ba za a ce ba ta da masu tafiya ba. Abin da take buƙata shi ne jirgin da ɗan kasuwa zai iya ɗaura alƙawari a kansa. Jirgi uku a mako da ba sa saɓawa sun fi mana jadawalin kullum da ba a san ranar da zai cika ba.

Mu ma fasinjoji akwai namu. Masu zuwa a makare su nemi a buɗe musu ƙofa, da masu zagin ma'aikaci ko kai masa hannu saboda hukuncin da aka yanke a wani gari, suna ɓata mana hujja, kuma doka tana da hukunci a kansu.

Abin da nake roƙo a ƙarshe mai yiwuwa ne cikin 'yan watanni. Kafin hunturu mai zuwa, gwamnatin jiha ta kira zama a Birnin Kebbi da wakilan NCAA da FAAN da NAMA da NiMet da kamfanonin da ke zuwa nan, a gayyato dillalan tikiti da ƙungiyar direbobi da 'yan kasuwa da wakilai daga masarautun Gwandu da Argungu da Yawuri da Zuru. A fito da takarda mai shafi ɗaya da ta faɗi ƙarfe nawa ne iyakar lokacin da kamfani zai sanar da sokewa, wane jami'i ne fasinja zai tunkara, ina motar Sakkwato za ta tsaya, da kuma kwana nawa kuɗi zai dawo. A karanta ta a gidajen rediyon jiha, a manna ta a ƙofar shiga filin. Ina kuma fatan ɗaya daga cikin ofisoshin da na ambata zai amsa wannan wasiƙa a bainar jama'a kamar yadda na rubuta ta.

Allah Ya yi muku jagora, Ya kai matafiyanmu lafiya.

Wassalam.

Naku,
Wani ɗan Jihar Kebbi mai zirga-zirga ta filin jirgin Ambursa,
Birnin Kebbi.